Ashirin da Takwas

Ran Lahadi a kasuwar Fitowa
Baba Sali kan shimfiɗa tsohon buhu,
ya jera lemun tsami: bakwai a gindi,
shida a gabansu, biyar, huɗu, uku, biyu,
ɗaya tilo a ƙarshe kamar kan bukka.
Bai taɓa faɗin ko nawa ba ne. Kashi ne kawai,
dala hamsin, ba ragi, ba gyara,
haka yake yi wa kowa.

Sai da na shiga ajin Malama Dudu a Garwa
na ji sunan abin da nake gani tun ina rarrafe.
Ta zana ɗigo-ɗigo a allo, alli na kuka,
ta ce: wannan lamba mai kusurwa uku ce.
Na ce a raina, lemun babana ne,
har da na saman nan mai yawan gangarowa.

Ta ce lambobi ma suna da hali.
Cika da mara kun san su
tun kuna ɓoye gyaɗa a tafin hannu.
Amma ku tambayi lamba: su wa ke raba ki
ba tare da sun bar saura ba?
Ku tara su, ban da ita kanta, ku gani.
Sha biyu ta tara nata, suka kai sha shida:
mai rara ce, tukunyarta har tana zubowa.
Goma ta tara nata, takwas kacal:
mai giɓi ce, irin yawancinmu.
Ashirin da tara kuwa, marowaciya,
ba ta san kowa ba sai ɗaya da kanta,
ƙofarta ba ta buɗuwa.

Sannan ta rage murya.
Ɗaya, biyu, huɗu, bakwai, sha huɗu.
Ku tara.
Muka sunkuya, muka ɗago:
ashirin da takwas ta dawo gida daidai,
ba ta bin kowa bashi, ba a bin ta.
Kammalalliya ake ce mata. Shida kaɗai ta riga ta.
Mai neman ta gaba ya ɗaura guzuri,
sai a ɗari huɗu da casa'in da shida
zai sake jin irin wannan sallama,
tafiyar ta fi Garwa zuwa Marwa.

Daga nan na riƙa cin karo da ita:
haruffan Larabci a littafin Goggo Nana,
masaukan da wata ke yada zango a sama,
Fabrairu in bai sami ƙari ba,
mako huɗu cif da Malama ke jiran albashi.
Har a hannuna: uku-uku a yatsu huɗu, biyu a babba,
sha huɗu dama, sha huɗu hagu,
gaɓoɓin da muke tasbihi da su bayan Magariba
ba mu san abin da muke taɓawa ba.

Na ruga rumfa. Baba, kawo hannunka!
Na ƙirga dama, sha huɗu. Na kama hagu,
na iso manuniya, na tsaya.
Na manta. Injin gurzar auduga ya cinye kanta
shekarar da aka haife ni.
Ashirin da bakwai.
Ɗaya, uku, tara: sha uku. Giɓi mai faɗi.
Na yi tsit, ina jin kunyar lissafi,
ina neman hanyar zamewa.

Ya dube ni, ya dubi dungun.
Malamar taku me ta ce a kan wannan?
Na ce, uku sau uku sau uku ce, Baba,
ɗaya kawai take nema ta kammala.
Sai ya kama kan ɗan yatsana
ya ɗora a gurbin, ya danna har na ji zafi.
Ya ce: to, sake ƙirgawa.

Wata mata ta tsaya tana taya lemu.
Da hannu ɗaya ya zuba mata a leda,
ɗayan bai sake ni ba.
Na saman ya kuɓuce, ya gangara
ƙarƙashin teburin masu bandar kifi,
ba wanda ya tashi ɗaukowa.